Tsohon furogiram ɗin shagon Baba ya kamu da bairos, a cire ko a goge?

Na Kwari: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sanin tsofaffin kwamfutoci ku taimaka min. Satin da ya wuce muna share ɗakin Baba, Allah ya jiƙansa, na ci karo da kwali cike da disket irin ƙananan nan masu inci uku da rabi, biyu daga ciki an rubuta musu STOCK da biro kuma rubutun hannunsa ne. Furogiram ne da wani ya rubuta masa wajen 1993 lokacin yana da shagon atamfa, da shi yake lissafin kaya da bashi, ina tunawa ina yaro in ya kunna sunan shagon ne ke fara fitowa a saman shuɗin sikirin. Na sayo abin karanta disket na USB na jona a laftof, ko kwafa ban gama ba antibairos ya fara ihu wai STOCK.EXE yana ɗauke da Jerusalem, yana neman ya goge shi, na hana. To tambayata ita ce ana iya cire bairos ɗin a bar min furogiram ɗin? Don ba ni da wani kwafi a duniya, wanda ya rubuta shi ma ban san inda ya shiga ba.

Maman Biyu: Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa.

Sarkin Fomat: Amin. Amma ɗan uwa gaskiya ɗaya ce, ka goge ka huta. Na yi shekara tara ina aiki a bizines santa, zamanin da Sality da Virut ke yawo a filashi, duk fayil ɗin da aka ce wai an wanke shi sai ka ga bayan kwana biyu ya fara hauka, ko ya ƙi buɗewa ko ya buɗe ya tsaya cak. Tun daga nan na daina yarda da wanki, fomatin kawai.

Tsohon Injiniya: Kafin kowa ya ƙara cewa komai, Na Kwari ka zare disket ɗin nan yanzu. Juya bayansa akwai ɗan maɓalli baƙi a kusurwa, tura shi har ramin ya buɗe kana hango haske ta ciki, to ya kullu ke nan ba abin da zai iya rubutu a kai. Ka yi wa duka biyun haka. Ba bairos ɗin nake tsoro ba, antibairos ɗinka nake tsoro, shi ne zai iya share maka gadon a cikin daƙiƙa ɗaya yana ganin taimakonka ya yi. Bayan ka kulle sai ka ɗauki hoton disket ɗin, wato kwafin duk abin da ke cikinsa gaba ɗaya a matsayin fayil guda, 1.44MB ne kacal, ka ajiye kwafi uku a wurare daban. Disket mai shekara talatin ba a yi masa alkawari, yau ya karantu gobe ya ƙi.

Na Kwari: Na kulle Baba Injiniya, na gode. Amma laftof ɗina fa, bai kamu ba?

Tsohon Injiniya: Ko kaɗan. Wannan bairos na DOS ne, tsohon tsarin da kwamfutoci ke gudu a kai kafin Windows, Windows mai 64 bit ba ta ma iya tayar da furogiram mai 16 bit balle ya zauna mata a memori. Gawa ce a wurinta. Sai in ka kai shi inda DOS take sannan zai farfaɗo.

Autan Gida: Tsaya tukuna, Jerusalem kuma? Wato daga Ƙudus aka turo shi?

Tsohon Injiniya: A Jami'ar Hebrew da ke can aka fara gano shi a 1987 shi ya sa sunan ya bi shi. Lokacin haka ake yi, inda aka kama abu nan ake raɗa masa suna, akwai Vienna, akwai Lehigh wanda sunan jami'a ce a Amurka, duk shekarar ɗaya suka ɓulla.

Ɗan Damagaram: Na Pakistan ɗin nan fa, Brain, ai su da kansu suka rubuta sunansu da adireshin shagonsu da lambar waya a ciki, wasu 'yan uwa biyu a Lahore, Basit da Amjad, 1986. Har wani mai binciken bairos ɗan ƙasar Finlan, Mikko Hyppönen, ya bi adireshin a 2011 ya same su suna nan.

Tsohon Injiniya: Haka ne amma Brain ba fayil yake kamawa ba, farkon disket yake zama inda kwamfuta ke karantawa in za ta tashi. Irinsu da Stoned maganinsu mai sauƙi ne, ka sake rubuta wannan wurin shi ke nan. Matsalar Na Kwari daban ce, nasa ya shiga jikin furogiram ne kamar kauci a reshen bishiya, kuma shi bishiyar yake so.

Sarkin Fomat: To ai shi nake faɗi. Wa ya taɓa cire kauci bai sare reshen ba?

Tsohon Injiniya: Bari in yi maka bayani a tsanake don na ga kana gwama zamani biyu. Ka yi haƙuri zan yi tsawo.

Bairos ɗin da ke son ya yaɗu dole ya bar furogiram ɗin da ya kama yana aiki, in ba haka ba mai kwamfuta zai gane nan take ya jefar. Saboda haka abin da yake yi shi ne ya fara gudu shi da kansa, in ya gama sai ya miƙa wa furogiram na asali ragama kamar ba abin da ya faru. To ka ga kuwa don ya iya miƙawa dole ya ajiye bayanin yadda furogiram ɗin yake kafin ya taɓa shi. Wannan ajiyar ita ce maganin. Mai cirewa ba wani siddabaru yake yi ba, aljihun ɓarawo yake lalubawa ya ɗauko abin da aka sace ya mayar wurinsa.

Ɗauki fayil ɗin furogiram mai ƙarewa da COM, shi ne mafi sauƙi, ba shi da kai ba shi da gabatarwa, bai wuce 64KB ba, DOS ta loda shi ta fara gudu daga bayit na farko. Cascade, wanda ke sa haruffa su riƙa zubowa ƙasan sikirin kamar ruwan sama, yana manna kansa a wutsiyar fayil, bayit 1701 ko 1704, sai ya cire bayit uku na farko ya sa umarnin tsalle zuwa wurinsa, su kuma ukun na asali ya ɓoye su a cikinsa. Ka mayar da ukun nan ka yanke wutsiya, fayil ya dawo daidai yadda yake. Wahalar kawai ita ce Cascade yana rufe jikinsa da lissafi sai ka warware kafin ka ga ukun. Shi Jerusalem a COM gaba yake shiga, bayit 1808 a gaba da guda 5 a baya, jimla 1813, ka yanke gaba ka yanke baya ka gama. Na sha yin wannan da hannuna da DEBUG, abin gyara bayit na DOS.

EXE kuma yana da kai, yana farawa da haruffa biyu MZ, a cikin kan nan aka rubuta tsawon furogiram da adireshin da za a fara gudu da inda zai ajiye tarkacensa a memori. Jerusalem yana zuwa ƙarshe ya zauna, ya canza adireshin farawa ya nuna shi, ya ƙara tsawon da ke rubuce, tsofaffin lambobin kuma ya adana su a jikinsa. Ka karanto su ka mayar, ka rage tsawo, ka yanke.

Autan Gida: Kai Baba Injiniya wannan ai tiyata ce.

Sarkin Fomat: A baki kam da daɗi. To me ya sa na Virut ba ya gyaruwa?

Tsohon Injiniya: Saboda Virut kansa cike yake da kurakurai, yana lalata fayil tun wajen shiga, kuma fayilolin Windows sun fi na DOS sarƙaƙiya nesa ba kusa ba. Ban ce maka kowane yana gyaruwa ba. Ko a zamaninmu akwai waɗanda ba su da magani. Vienna bayit 648 ne kawai, yawanci yana fita lafiya, wani Bajamushe Bernd Fix ya rubuta abin cire shi tun 1987, amma kusan fayil ɗaya cikin takwas ba kama shi yake yi ba, taka bayit biyar na farko yake yi da umarnin sake tayar da kwamfuta kuma bai ajiye na asali a ko'ina ba. Wannan ko wa ka kira ba zai dawo da shi ba sai in da wani kwafi.

Sarkin Fomat: Yauwa ka fara dawowa hanya. Kuma ka faɗa musu gaskiya, Jerusalem ba ɗaya ba ne, yara sun yi ta kwaskwarima suna sakin nasu iri iri. In abin wankin ya ɗauka wancan ne alhali wannan ne, zai je ya karanto lamba a inda ba nan take ba ya yanke a inda bai kamata ba, garin neman gira a rasa ido.

Tsohon Injiniya: Wannan gaskiya ka faɗa ba musu. Shi ya sa antibairos ɗin F-PROT na mutumin Aisland ɗin nan Fridrik Skulason ya yi suna, in bai tantance ainihin irin ba sai ya ce maka sabon iri ne ya ƙi taɓawa. Kuma su kansu masu antibairos na lokacin shawararsu ita ce in kana da disket na asali ka goge mai cutar ka sake kwafa. Ni ma in furogiram na saye ne irin WordStar ko Lotus ba zan ɓata lokacina ba. Amma ka karanta abin da yaron nan ya rubuta, ba shi da asali. In ya bi shawararka me zai rage masa?

Maman Biyu: Ni dai ku tsaya in yi tambaya ta mata. Na Kwari me kake nema a ciki, lissafin ko furogiram ɗin? Don na yi aikin akawu da irin waɗannan, yawancin masu rubuta wa 'yan kasuwa a shekarun nan da manhajar dBase ko Clipper suke yi, kuma lissafin ba a cikin EXE yake zama ba. Duba disket ɗin ko akwai fayiloli masu ƙarewa da DBF. In akwai su to bairos ɗin bai shafe su ba, ka buɗe su da LibreOffice kai tsaye za ka ga komai layi layi, sunan kaya, kuɗi, wanda ake bi bashi. Ba sai an yi wannan doguwar tiyatar ba.

Na Kwari: Wallahi Anti akwai su, guda huɗu. Na buɗe ɗaya yanzu ga sunayen atamfofi nan da farashinsu, har na ga kuɗin turmi na wancan lokacin. Na gode ƙwarai. Amma in faɗa miki gaskiya ba lissafin ne ya dame ni ba, so nake Hajiya ta ga sikirin ɗin nan ya buɗe da sunan shagon kamar da, ita ce ke zama kusa da shi da daddare tana karanto masa rasit yana shigarwa.

Maman Biyu: Allah sarki. To na yi shiru, Baba Injiniya a ci gaba da tiyata. Amma ka duba fayil ɗin bashin nan da kyau, in akwai wanda Baba bai biya ba ku sauke masa.

Na Kwari: In sha Allah, Yaya ma ya ce haka.

Kawu na Ingila: Ina ta karatu ina murmushi. Mu da muka yi karatu a Ingila ƙarshen shekarun 1980 kwamfutar Amiga 500 ce a ɗakunan yara, ni ma na saya ta hannu. Can ma wannan rigimar aka yi. Bairos irin su SCA da Byte Bandit farkon disket suke kamawa, sai mutum ya ɗauko abin kashe bairos ya sake rubuta wurin, to ashe wasanni da yawa na saye suna da nasu lambobin na musamman a daidai wannan wurin, abin kashe bairos ya ga baƙon abu ya ce a share, kai kuma ka danna eh, wasan da ka tara kuɗi ka saya ya mutu murus alhali ma lafiyarsa ƙalau. Na kashe disket biyu da hannuna a haka. Daga baya irin su IRQ suka zo masu shiga cikin furogiram, a Amiga furogiram gunduwa gunduwa yake, bairos ya ƙara tasa gunduwar a gaba, mai cirewa ya zare ta ya gyara lissafin gunduwoyin. Abin da na koya dai kar ka taɓa yin gyara a kan kwafin da ba ka da na biyunsa.

Tsohon Injiniya: Kawu ka gama magana. Na Kwari yanzu ka yi DIR, umarnin da ke jero fayiloli da girmansu, a kan hotunan disket biyun ka faɗa min girman STOCK.EXE a kowanne.

Na Kwari: Na farko 187,424, na biyu 196,464. Ba ɗaya ba ne ashe, ko wani sabon fitowa ne aka yi masa?

Tsohon Injiniya: Ɗebe ka gani. 9,040. Raba da 1808.

Autan Gida: Biyar cif!

Tsohon Injiniya: To ba sabon fitowa ba ne, furogiram ɗaya ne, na biyun ya fi na farkon kamuwa sau biyar. Wannan shi ne sanannen kuskuren Jerusalem, a COM yana duba alamarsa ya gane ya riga ya shiga ya ƙyale, amma a EXE ba ya ganewa, duk lokacin da aka kunna furogiram sai ya sake mannuwa, riga kan riga, har fayil ya kumbura ya kasa shiga memori. Da yawa ta haka ma aka fara lura da shi. Labari mai daɗi a nan shi ne lambar ta fito daidai ba ragowa, alamar irin na asali ne ba na kwaskwarima ba. Cirewa kuma ɗaya bayan ɗaya ake yi kamar ɓare albasa, na waje yana riƙe da adireshin na cikinsa, na cikin yana riƙe da na gaba, har ka iso kan na Baba.

Ɗan Damagaram: Tambaya, a ina zai yi aikin? Mu nan in an ce tsohon abu DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon DOS, ake sawa a wuce wurin.

Tsohon Injiniya: DOSBox ya isa amma da sharaɗi. In ka haɗa masa folda ta gaske to duk abin da ke cikin foldar nan bairos na iya taɓawa, don haka ka ware folda ɗaya da ba komai sai kwafin aikin da abin cirewa. Sharaɗi na biyu wanda ya fi muhimmanci, kar ka kunna STOCK.EXE kafin ka wanke shi, ko sau ɗaya, ko don ka leƙa. Da ka kunna bairos ya haye memori ya tare ƙofar da DOS ke bi tana tayar da furogiram, daga nan duk abin da ka kunna ya kamu har da shi abin cirewar. A da shi ya sa muke yawo da disket mai tsabta a kulle a aljihun riga, ka kashe kwamfuta da makunni ɗungurungum, ba Ctrl Alt Del ba don akwai masu tsallake wannan, sannan ka tashe ta daga disket ɗinka.

Sarkin Fomat: Wannan kam na yarda, ko a zamaninmu sai da CD muke tashi.

Tsohon Injiniya: Na taɓa ganin wanda bai yi haka ba, a wani ofis da ba zan faɗi sunansa ba. Dark Avenger ne ya kama su, na Bulgeriya, 1989, shi ba ya jira ka kunna furogiram, buɗe fayil kawai ya ishe shi. Mutumin ya sa sikana ta bi had disk gaba ɗaya alhali abin na zaune a memori, sikana na buɗe fayil tana cewa lafiya, bairos na bin bayanta yana kamawa. Kafin ta gama duk wani EXE da COM da ke injin ya kamu, da fayil shida ne suka koma ɗaruruwa. Kwana biyu muka yi a wurin.

Amma akwai na ban dariya. Frodo, wanda ake ce wa 4096, gwanin ɓuya ne, in yana memori ka buɗe fayil mai cutar sai ya nuna maka shi tsaf kamar ba a taɓa shi ba don kar a kama shi. Sai mutane suka gane dabara, a bar shi a memori, a kwafe furogiram ɗin zuwa suna wanda ba COM ba EXE ba, shi da kansa zai miƙo maka wankakke, sai a kashe a tashi da disket mai tsabta a mayar da sunayen. Wayonsa ya ci shi.

Autan Gida: Hahaha ɓarawo ya yi wa kansa ɗan sanda. To shi Jerusalem ɗin ɓarnar me yake yi banda kumbura fayil?

Tsohon Injiniya: Bayan minti talatin da hawansa yana rage wa kwamfuta gudu, wani ɗan baƙin akwati ya fito a gefen sikirin. Babbar ɓarnar kuma ranar Juma'ar da ta faɗo 13 ga wata, duk furogiram ɗin da ka kunna ranar goge shi yake yi. Na Kwari ka duba kalanda kafin ka fara, DOSBox kwanan watan laftof yake ɗauka.

Ɗan Damagaram: Camfin Turawa ne wannan na Juma'a 13, mu Juma'a babbar rana ce.

Admin: Jama'a a tsaya kan batu don Allah, kar a shiga wata hira.

Na Kwari: To da me zan cire, da hannu ko da manhaja? Gaskiya DEBUG ɗin nan tsoro yake ba ni.

Tsohon Injiniya: Ba sai da hannu ba. Nemi F-PROT na DOS, ka ba shi umarnin /DISINF a kan foldar. A da in McAfee ne SCAN ke nemowa CLEAN ke cirewa, kana rubuta masa sunan bairos ɗin a gaba. Bayan ya gama ka sake sikanin, ka kuma sakewa, har sai ya ce babu, kar ka yarda da zagaye ɗaya tunda riguna ne da yawa. Ka yi wa kwafin disket na farko daban, na biyu daban, kar ka haɗa su. In ka gama ka kwatanta su bayit bayit da umarnin FC /B, in DOSBox ɗinka ba shi da FC ka fito da su ka yi a Windows, umarnin na nan har yau. Wannan ita ce shaidar da za mu nuna wa Sarkin Fomat, hanya biyu daban in sun kai gida ɗaya.

Sarkin Fomat: Ina nan ina jira, gani ya kori ji.

Na Kwari: Salam jama'a na dawo, ku yi haƙuri jiya wuta ce ta hana. Na yi yadda aka ce. Na farkon riga biyu aka cire masa, na biyun bakwai, duka sun dawo 183,808, FC ya ce ba bambanci ko ɗaya. Na sake sikanin sau uku babu komai. Sai na yi bismillah na kunna, wallahi sai ga shuɗin sikirin da sunan shagon a sama, har da lambar wayar tebur ta da mai lamba shida. Na kai wa Hajiya ɗaki, ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, daga baya ta ce in shiga wajen kaya ta ga ko Super ɗin da ta fi so tana nan.

Maman Biyu: Alhamdulillah, har na yi ƙwalla.

Kawu na Ingila: Madalla da Injiniya.

Sarkin Fomat: To na sara, ya yi aiki. Amma ina nan kan bakata a abu ɗaya, biyun sun yi daidai da juna ne, ba wanda ya ce sun yi daidai da abin da mai rubutun ya miƙa wa Baba a 1993. Kama da wane ba ta wane.

Tsohon Injiniya: Ban musa ba. Kafin ya manna kansa karon farko yana cike tsawon fayil ya kai ninkin 16, don haka akwai yiwuwar 'yan bayit da ba su kai 16 ba na shara a wutsiya, ka lura 183,808 ɗin ma tana rabuwa da 16 daidai. Akwai kuma wata lamba a kan fayil da yake takawa wadda DOS ba ta ma dubawa. Ba sa hana komai aiki amma eh, ba shi ne ainihin na ranar farko ba. Da furogiram ɗin irin masu duba jikinsu ne kafin su tashi da ya ƙi.

Na Kwari: Sai dai akwai saura Baba Injiniya. Akwai wani REPORT.EXE a gefe, shi ne ke fitar da lissafin wata. Shi ma an ce ya kamu, an wanke, amma in na zaɓe shi daga cikin STOCK sai ya nuna kan shafi ya daskare, sai na rufe DOSBox gaba ɗaya. A disket ɗaya kawai yake.

Sarkin Fomat: Ehem. Tsugune ba ta ƙare ba.

Tsohon Injiniya: Kar ka yi murna tukuna. Na Kwari koma kan hoton asali wanda ba a wanke ba, ka buɗe REPORT.EXE da abin duba bayit. Bayan MZ akwai lambobi biyu, kowacce bayit biyu kuma a juye ake karanta su, na baya kafin na gaba. Ta biyun adadin shafuka ne masu bayit 512, ta farkon abin da ke shafin ƙarshe. Ɗebe ɗaya daga shafukan ka ninka da 512 ka tara da ta farkon, sai ka kwatanta da abin da DIR ya nuna. Abin da nake zargi shi ne furogiram ɗin yana da ƙarin kaya a bayansa wanda ba a lissafa a kai ba, masu Clipper suna yawan yin haka don memori 640KB ba ta isa, sai a bar wani sashe a fayil a riƙa ɗauko shi in an buƙata. Jerusalem da tsawon da ke rubuce a kai yake aiki, in ya je can yana zaton ƙarshe ne sai ya zauna a kan kayan mutane, kuma wannan bai ajiye shi a ko'ina ba.

Na Kwari: Na lissafa sau biyu, na kan ya gaza na DIR da kusan dubu arba'in.

Tsohon Injiniya: To shi ne. Abu biyu ne ke iya faruwa, ko dai abin wankin ya yanke duk ƙarin kayan ya zubar yana zaton wutsiyar bairos ce, wannan ana iya ɗinke shi daga hoton asali, ko kuma ramin da bairos ya taka ne furogiram ke faɗawa, aƙalla bayit 1808 na aikin mutumin sun tafi. Ramin kam yana nan ko ta yaya, abin da ban gani ba tukuna shi ne ko ya faɗo a sashen da ake amfani da shi. Faɗa min girman wankakken. Sannan kwalin nan ka ce cike yake, disket nawa ne a ciki?

Na Kwari: Ban ƙirga ba amma za su kai arba'in, yawanci ba rubutu a jikinsu, wasu har sun yi fumfuna.

Maman Biyu: Masu fumfunar kar ka sa su a na'urar, za su ɓata kan da ke karantawa ya koma yana kankare masu lafiyar. Ka ware su gefe. Kuma in ka ga fayil mai ƙarewa da PRG ko a wane disket ne ka yi ihu, shi ne rubutun asali na mai furogiram ɗin, da shi ana iya sake gina REPORT ɗin daga tushe.

Tsohon Injiniya: Maman Biyu ta riga ni. Ka kulle kowanne kafin ka sa, ka ɗauki hotonsa, ka kashe antibairos na ɗan lokacin don kar ya yi maka shisshigi. Ka fara da waɗanda ba su da rubutu, mutanen da in za su yi ajiya ta gaggawa ba sa tsayawa neman biro.

Na Kwari: To bari in fara bayan isha'i, na ɗauko guda goma na farko. Wankakken 61,200 ne Baba Injiniya, na asalin kuma ya haura dubu ɗari.

Tsohon Injiniya: To an yanke masa wutsiya ke nan. Kar ka goge komai, turo min hoton disket ɗin ta inbos in duba inda ramin ya faɗo.